Kai yara wurin wasa: tambayoyin iyayen Maraɗi da amsoshinsu

Duk lokacin da sallah ta gabato ko hutun lakwal ya zo, iyayen yaran da nake koyarwa a jardan, wato makarantar ƙananan yara, sukan tare ni da tambayoyi kan kai yara wurin wasa, irin wuraren nan masu lilo da dokunan juyi da ƙananan motoci, da ake biyan kuɗi kafin a hau. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma tsoron haɗari ke hana su. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Maganar ta fi shafar yara daga shekara 2 zuwa 7.

Malama, wai me yaro zai koya a wurin lilo? Ai wasa ne kawai.

Wasa ne, kuma a waɗannan shekarun ta wasa yaro ke koyo. Ɗan shekara huɗu jikinsa ne ke fara sanin nauyi da gudu da tsayi. Sai ya hau ya sauka, ya zame, ya faɗi ya tashi, sannan in an zo masa da kalmar daga baya ta sami wurin zama. Kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin ɗari na girman ta babba, saboda haka abin da ya gani, ya taɓa, ya ji a wannan lokacin ba ƙaramin tasiri yake yi ba.

Sai dai ƙarfe ba ya koyarwa shi kaɗai. Ku dubi uba biyu a bakin dokunan juyi. Ɗaya ya ɗora yaro ya koma gefe yana latsa waya, in yaron ya zagayo yana ɗaga masa hannu bai ma gani ba. Ɗayan yana tsaye, kowane zagaye sai ya ce: “Na nawa ke nan, Abdu? Dokinka wane launi ne? Wa ke gabanka?” Kuɗi ɗaya suka biya. Yaron farko ya sha juyi. Na biyu ya sha juyi, ya yi ƙirga, ya ambaci launi, ya bambance gaba da baya, kuma ya san babansa na kallonsa. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka tsaya.

Daga shekara nawa ya kamata a fara kai su?

Ɗan shekara biyu yashi da ƙaramin lilo mai madafa sun ishe shi, kuma bai wuce rabin awa ya gaji. Daga uku zuwa bakwai ne ake cin moriyar tafiyar sosai. Jariri kuwa in an je da shi, a bayan uwarsa zai zauna, nesa da lasifika.

To in ba zai tuna ba idan ya girma, mene ne amfanin?

Gaskiya ne yawancinmu ba ma tuna abin da ya faru kafin mu kai shekara uku ko huɗu. Amma ba wanda ke tuna ranar da ya koyi tafiya, ga shi kuwa muna tafiya. Ranar ce ke ɓacewa, ƙarfin ƙafa da daidaiton jiki da kalmomin da aka koya suna nan.

An ce akwai kimiyya a cikin waɗannan wasanni. Ta yaya, ni da ban yi nisa a karatu ba?

Ba a buƙatar takardar shaida. Abin da ake so shi ne ku tambayi yaron kafin ya gwada, ya yi hasashe, sannan ku duba tare.

Ku fara da lilo. In akwai guda biyu, ɗaya mai doguwar sarƙa ɗaya mai gajeriya, ku ce wa yaron: “Wanne zai riga dawowa?” Gajeren zai riƙa kai-komo da sauri, dogon yana tafiya a natse. Abin mamakin shi ne in tsawon sarƙar ɗaya ne, ko yaya ce a kan wannan, ƙanwa a kan wancan, kusan tare za su riƙa zuwa su dawo, domin tsawon igiya ne ke yanke lokacin, nauyi bai da ta cewa. Masanin nan ɗan Italiya, Galileo, ya yi nazarin wannan fiye da shekara 400 da suka wuce, kuma da wannan nazarin aka ƙera agogon bango mai lilo. A gida ma kuna iya maimaitawa da zare biyu da duwatsu biyu. Sannan ranar da yaro ya gane cewa in ya miƙe ƙafa ya naɗe a kan kari lilon zai tashi ba sai an tura shi ba, ku dubi fuskarsa. Ya gano da kansa cewa motsinsa ne ke haifar da wani abu.

A wurin zamiya, ku tambaye shi me ya sa wanda ya sa shadda mai sheƙi yake sulalewa da gudu, wanda ya kafa tafin takalmin roba kuwa yake tsayawa a tsakiya. Katakon nan da yara biyu ke zama a bakinsa biyu, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa, aikinsa irin na sikelin mai awo a kasuwa ne: in yaya ya fi nauyi, ƙane zai maƙale a sama yana wutsil-wutsil da ƙafa. Kada ku gaya musu mafita. Ku bari su yi ta gwadawa har yayan ya matso kusa da tsakiya, katakon ya daidaita. A dokunan juyi kuma, dokin da ke bakin waje ya fi na ciki gudu, saboda da'irarsa ta fi faɗi alhali lokaci ɗaya suke gama zagaye. Ɗan shekara shida yana iya gane wannan in ya hau na ciki sannan ya hau na waje.

In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinku, ku ce masa: “Mu duba mu gani.” Wannan amsa ce mai kyau, ta fi a yi masa tsawa.

Yarinyata in ta sauko daga abin juyi sai ta yi ta tangaɗi. Akwai matsala?

Hajijiya ce, irin wadda muka yi ta yi a tsakar gida muna yara. A can cikin kunne akwai ƙananan bututu uku masu ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai yake motsi. In mutum ya daina juyawa, ruwan bai tsaya nan take ba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu ana juyi. Ku zaunar da ita minti ɗaya ko biyu. Kada a ɗora yaro kan abin juyi da ya gama cin abinci, kuma in ta yi amai ko ta ce kanta na ciwo, juyi ya ƙare na ranar.

Ya batun lissafi?

A nan yaran Maraɗi suna da wata dama. A kasuwa da dala muke ƙirga, a lakwal kuma da faran, ga shi dala ɗaya faran biyar ce. Yaron da ya saba jin “dala ashirin” yana ganin 100 a jikin kuɗin, ya fara ninkawa da biyar tun bai san sunan abin ba.

Ku ba shi kuɗin a hannunsa. A ce kun ware masa dala ɗari, a ce kuma kowane hawa dala arba'in ne. Ku bar shi ya miƙa wa mai tikiti, ya karɓi canji, ya ƙirga. Bayan hawa biyu saura dala ashirin, ba ta kai hawa na uku ba. Nan ne darasin yake, kuma nan ne iyaye da yawa ke karaya su ciro jika guda, wato faran dubu. Ina roƙonku ku daure. Ku ce: “Saura dala ashirin, gyaɗa za ka saya ko ka ajiye?” Zai yi kuka a karon farko. A karo na gaba za ku ga yana zagaya wurin yana dubawa kafin ya zaɓi abin da zai hau, domin ya gane kuɗi na ƙarewa.

Layin ranar sallah ya yi tsawo, yaro ba ya iya jira. In roƙi mai wurin ya shigar da mu ta gefe?

A'a. Yaro yana kallon abin da kuka yi fiye da abin da kuka ce, kuma in ya ga babansa ya tsallake layi don ya san mai ƙofa, ya koyi wani abu da zai yi wuyar kankarewa. Layi shi ne wuri na farko da yara da yawa ke haɗuwa da dokar da ta hau kan kowa, ɗan Alhaji da ɗan mai tura ruwa. Ku sauƙaƙa masa jiran: ku ƙirga mutanen da ke gabanku, duk wanda ya shiga a rage ɗaya. Ku koya masa ya ce wa mai tikiti “Sannu da aiki, Baba,” in ya sauko ya ce an gode. In kun san yaronku bai jure cunkoso, ku bari sai kwana uku ko huɗu bayan sallah.

Na biya kuɗi, da aka zo hawa sai ya fashe da kuka. In tilasta masa?

Kada ku tilasta, kuma don Allah kada a ce masa matsoraci ko a ce “dubi ƙanwarka ma ta hau.” Wannan kalmar tana daɗewa a zuciyar yaro fiye da yadda muke zato. Tsoron tsayi da ƙara da gudu hankali ne, shi ke hana yaro faɗawa rijiya. Abin da ake so ya koya shi ne yadda ake tunkarar tsoro kaɗan-kaɗan.

Ku tsaya tare ku kalli wasu suna hawa. Ku nuna masa inda abin ke tsayawa da mutumin da ke kashe shi. Ku tambaye shi: “Me ya fi ba ka tsoro, ƙarar ko tsayin?” Sau da yawa ƙarar injin ce kawai. In ya ce yau ba zai hau ba, ku amsa da to, ku ba wani yaro tikitin. Yaron da aka girmama a'arsa yau, shi ne zai ja hannunku wata rana ya ce zai gwada, kuma shi ne zai iya ce wa babban mutum a'a in an nemi ya yi abin da bai kwanta masa ba. Wannan na biyun ya fi lilo muhimmanci nesa ba kusa ba.

Me ya sa ake auna tsawon yaro, ba a tambayar shekarunsa?

Saboda bel da ƙarfen da ke riƙe mutum an ƙera su ne a kan girman jiki. Yaron da bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashi. Kada ku yi gardama a kan wannan, kada kuma ku sa shi ya yi ɗage.

Me zan duba kafin in bar yaro ya hau?

Ku zagaya wurin tukuna. Ku dubi kusoshi da wuraren walda, ko akwai tsatsa ko tsagewa. Ku dubi wayoyin wuta, musamman waɗanda aka ja a ƙasa daga janareto, ko akwai inda suka fashe. Ƙarƙashin lilo da abin hawa yashi ake so, siminti na fasa kai. Ku lura da mai kula da injin: in hankalinsa na kan waya, ku wuce.

Sutura ma abin dubawa ce, kuma ita muka fi mantawa domin ranar sallah kowa ya ci ado. Dogon hijabi, gyale, babbar riga da igiyar wuya suna iya shiga cikin abin da ke juyawa. A sa wa yarinya ƙaramin hijabi ko a cusa bakinsa cikin riga, a sa mata wando a ƙarƙashi, a cire wa yaro babbar riga kafin ya hau.

Gidan tsalle da ake hura wa iska sai an ɗaure shi da turaku ta kowane gefe, kuma ba a haɗa manya da ƙanana a ciki. Da kun ga hadari ya taso, ku fito da yara kafin iskar ta iso. A watan Disamba na 2021 iska ta ɗaga irin wannan gida a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, yara shida suka rasu. Mu kuwa mun san irin guguwar da ke gabatar ruwa a nan a farkon damina.

Wane lokaci ya fi?

Bayan la'asar. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a Maraɗi, ƙarfen da ya wuni a rana kuwa yana ƙona cinyar yaro. Ku ɗora bayan hannunku a kai, in ba ku jure ba shi ma ba zai jure ba. Ku tafi da ruwan sha daga gida. Da damina ku tashi kafin magariba saboda sauro, da hunturu kuma in ƙura ta yi yawa a bar mai asma a gida.

In ya ɓace a cikin taro fa?

Wannan shiri daga gida ake yin sa, kuma shi kansa karatu ne. Ɗan shekara huɗu ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu, Zariya ce ko Bagalam ko Sabon Gari. Ku rubuta lambar waya a takarda ku sa masa a aljihu, ku ɗauke shi hoto da kayan da ya sa ranar. Da kun shiga ku nuna masa mai tikiti ku ce: “In ba ka gan ni ba, tsaya inda kake, ko ka zo wurin wannan Baban. Kada ka bi kowa waje.”

Addini bai hana irin wannan ba?

Wasa da yara sunna ce sananniya. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya gaggauta masa ba. Ya tsaya Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci ranar idi, kuma yakan tambayi ƙanen Anas labarin ɗan tsuntsunsa. Abin lura shi ne kada wasa ya cinye lokacin salla, kuma a dubi irin kiɗa da cakuɗar da ke wurin. Wanda ke da shakka a kan wani wuri takamaimai, ya tambayi malaminsa.

Yara na ganin Disneyland a waya, namu wuraren kuwa ƙanana ne. Ba za su raina ba?

An buɗe Disneyland, shahararren wurin wasan nan, ranar 17 ga Yuli 1955 a jihar Kaliforniya ta Amurka, ta kusa da Paris kuma a 1992.  Abin da Disneyland ta shahara da shi shi ne ta ɗora kowane sashe a kan labari, yaro ya ji kamar ya shiga cikin tatsuniya.

To labari kuwa ba mu rasa shi ba. Dokin juyi ya zama dokin hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Abin zamiya ya zama hanyar da Gizo ya bi ya tsere wa Kura. In akwai ƙaramin jirgin ƙasa, ku ce shi ne wanda ake shimfiɗa wa hanya daga Kano zuwa nan, ku riƙa kiran tashoshi: Katsina, Jibiya, Maraɗi. Yaron zai sauko da sunayen garuruwa a jere. Ɗan shekara huɗu bai san raina wuri ba sai ya ji manya sun raina.

Gidan namun daji fa?

In tafiya ta kai ku Yamai, ku shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959. Akwai namun daji, akwai ƙasusuwan manyan halittun zamanin da da aka tono a jihar Agadas, har da na wani kada da tsawonsa ya haura mita 9. Kano ta fi kusa, kuma tana da gidan zu na Audu Bako. Ku gaya wa yara cewa raƙuman dawan Afirka ta Yamma a Nijar kaɗai suka rage a daji, kuma a 2018 an ɗauko takwas daga yankin Kure aka kawo su dajin Gadabeji a cikin jiharmu. Tafkin Madarunfa ma ga shi nan kusa, da tsuntsaye da masunta, sai dai a bakin ruwa hannun yaro ba ya barin naku.

Ba mu da halin biya. Yaranmu sun yi asara ke nan?

Sam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana, kuma ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya. Ba wurin biya da zai cika wannan, dandali da tsakar gida ne ke cika shi. Langa na koyar da daidaiton jiki, carafke na haɗa ido da hannu da ƙirga, ƴar gala-gala tsalle ce da bin doka, gaɗa kuwa harshe ce da kari. Tsohuwar taya da igiya mai ƙarfi a reshen tsamiya lilo ce cikakkiya. Abin da wurin biya ya ƙara shi ne baƙin fuskoki, layi, tikiti da injin, kuma zuwa ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Ƴan mata ma a kai su?

A kai su, kuma su hau. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga yarinya ƴar shekara bakwai an kawo ta da goyon ƙane, tana tsaye tana riƙe takalman ƴan'uwanta maza suna ta hawa. Ita ma yarinya ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ambaci haƙƙin wasa a sashe na 31, ba ta ware mace ba. Haka ƴar riƙo ko almajirin gida: in an tafi da su, a saya musu tikiti kamar kowa. Yaranku na kallon yadda kuka yi da su.

Yaro mai naƙasa kuma kada a bar shi gida don gudun idon mutane. Ku je lokacin da ba cunkoso, ku yi magana da mai wurin, ku zaɓi abin da jikinsa zai iya.

Bayan an dawo gida, akwai abin da ya rage?

Akwai. Ku sa shi ya ba kaka ko gwaggo labari, ku taimaka masa da “sai me ya faru?” har ya jera abin da aka fara da abin da ya biyo. Jera labari daga farko zuwa ƙarshe shi ne abin da za a nema a wurinsa in ya shiga lakwal. Ku ba shi alli ko gawayi ya zana abin da ya hau. In kun ga washegari ya kifa kujeru ya tara ƙanne yana yanka musu tikiti da ganye, ku bar su, ku ma ku sayi ɗaya.

Wa ya kamata ya kai su? Ni aiki ya yi mini yawa.

Babban da suka saba da shi, wanda zai iya barin waya a aljihu: uba, uwa, kawu ko gwaggo. Kada a damƙa ƙanana a hannun yaya ɗan shekara goma sha biyu a ɗora su kan kabu-kabu, domin shi ma wasan zai ɗauke masa hankali. Babba ɗaya kada ya wuce yara uku in ƙanana ne. In lokaci ne matsalar, awa ɗaya bayan la'asar ranar Asabar ko Lahadi ta isa, kuma maƙwabta biyu na iya haɗa yaransu su tafi tare, ɗaya na bakin layi ɗaya na wurin saukowa.